Yadda Na Yi wa Amarya Kulle

Bari in fara wanke kaina: matata ɗaya ce, kuma ban taɓa kulle ɗan Adam a keji ba. Dole in faɗi haka, don har yau akwai dattawa a unguwarmu da in na gaishe su sai su amsa suna kallon ƙasa, kafaɗunsu na rawa.

Gwaggo ce ta jawo komai. Ta zo Kano ganin likitan ido daga ƙauyenmu na wajen Haɗeja, kuma mutumin ƙauye ba ya zuwa hannu Rabbana. Ta kwance tsaraba a tsakar gida: kuka, daddawa, busasshen kifi, sai wani kwali da aka huhhuda, yana motsi da kansa. Aka buɗe, sai ga agwagi uku, toro ɗaya da mata biyu.

"Na Auta ne," in ji Gwaggo.

Auta shekararta 7, kuma kafin a kira la'asar ta gama raɗin suna ba tare da rago ba. Toron, mai jar fuska duk ƙuraje da tafiyar ƙasaita kamar wanda aka gayyato buɗe rijiyar burtsatse, ta sa masa Ciyaman. Babbar macen, baƙa, ta zama Uwargida. Ƙaramar, fara tas, ta zama Amarya. Na yi dariya har da hawaye. Maman yara ba ta yi ba.

Ranar da Gwaggo za ta koma ta bar mini wasiyya a bakin ƙofa. "Ka sake su, ɗan nan. Da safe ka watsa musu dusa, sauran su suka san inda za su samo. Agwagwa ba ta son a sa mata ido."

Ni kuwa malamin kimiyya ne a sakandare, shekara 16 da alli a hannu. Na gyara tsayuwa na yi mata darasi. Na ce Gwaggo, nan birni ne. Can fadama gare ku, mu nan kwata gare mu, kwatar da in takalmi ya faɗa sai dai a yi masa addu'a. Ga shirwa a sama, ga karnuka a ƙasa, ga 'yan adaidaita. Na tuna mata da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya cikin watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, aka yi ta kashe kaji ana binnewa. Na ce agwagwa tana iya ɗauke da cutar nan tana yawonta lafiya lau, ta rarraba wa kajin maƙwabta. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe ban janye ko ɗaya ba.

Gwaggo ta dube ni da idon da aka gyara, ta ce, "To, boko." Ta shiga mota.

Washegari na zana keji a takarda, da rula. Ƙafafun ƙarfe, rufin kwano, ƙasan kuma ragar waya don kashi ya riƙa zubewa, irin na kajin gidan gona. Mai walda ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Malam, zomo za a sa?" Kuɗin da na ba shi ya isa ya sayi agwagin sau huɗu. Na sayo musu mazubin ruwan kaji, robar nan da ake kifawa ruwa yana tsattsafowa a siririn baki. Na zuba su ciki, na sa sakata, na ja baya ina kallon kiwon zamani.

Abu na farko da na koya shi ne Ciyaman ba ya kuka. Huci yake, kamar kububuwa da aka taka. Ko'ina na tsaya a tsakar gidan sai ya miƙo wuya ya yi mini huci, yana kaɗa bindi, gashin kansa a tsaye. Abu na biyu: kaza kashi take yi, amma agwagwa zawo ne sana'arta, kuma ba ta hutun ƙarshen mako. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Abin da ya taru a ƙarƙashin kejin nan ya dahu. Ƙudajen unguwa suka yi ƙaura zuwa gidana da iyalansu. Maman yara ta ɗauke murhunta zuwa zaure, tana turara gidan kamar ana jiran dangin ango.

Ruwan kuwa, in na cika robar da safe, kafin in ɗaura agogo ya zama kunu. Su cika baki da dusa, su ruga su tsoma a ruwa, su dawo. Na ɗauka iskanci ne. Na rage musu ruwan don su koyi tattali.

Da aka yi kwana 40, Amarya ta fita hayyacinta. Idanunta sun yi kwantsa har sun manne, farin gashin nan ya koma kamar tsumman goge tukunya, tafin ƙafarta ɗaya ya kumbura, sai ɗingishi. Auta ta daina yi mini magana. Na tuna da wani abokin karatuna da ya zama likitan dabbobi. Gidana sabis ba ya kamawa sai an hau tsani, don haka na fita teburin mai shayi bayan magariba, na zauna a benci cike da jama'a, na buga masa. Ni kuma mutum ne da in ina waya har na bayan layi sai ya ji.

"Likita, Amarya ce ba lafiya. E, yau kwana 40 da kawo ta. A'a, ba ta fita. Ko ƙofar gida ba ta taɓa leƙawa ba, a kulle take, ni nake riƙe da sakatar. Tare da Uwargida, wuri ɗaya na haɗa su, wurin ba shi da girma. To, suna ɗan taɓawa, jiya ma Uwargida ta cije ta a wuya ta tsige mata gashi. Wanka? Ai tun da ta zo ba ta taɓa wanka ba. Dusa nake ba ta, safe da yamma."

Na kashe wayar na tarar wurin ya yi tsit. Mai shayi ya tsaya da kofi a sama, shayin ya ƙi zuba. Wani dattijo ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Na ji daɗi a raina, na ce ashe mutanen unguwar nan suna da tausayin dabba.

"Wallahi kuwa, Baba," na ce. "Gwaggona ce ta kawo mini ita daga ƙauye, kyauta. Ni da ma ban nema ba."

Labari ba ya biyan kuɗin mota. Kafin isha ya tsallaka gari ya isa gidan surukaina. Da hantsi sai ga sallama: surukata, da ƙanwarta, da kawun maman yara da sandarsa. Hajiya ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba tun da na auri 'yarta, kuma ranar ma ba ta karya al'ada ba. Ta zauna ta fuskanci bango.

"A tambaye shi," ta ce wa bangon, "mu ba mu hana shi ƙarin aure ba, sunna ce. Amma 'yar mutane? Dusa?"

Na waiwaya wajen maman yara don ta cece ni. Baiwar Allah nan, wadda ta san komai sarai, ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta koma gefe ta yi tagumi, har da jan majina. Kwana 40 tana shaƙar warin kejin nan, ranar ta karɓi ladanta. Ina cikin in'ina sai ga Auta ta fito da gudu ta kama hannun kakarta.

"Hajiya, zo ki ga Amarya, idonta ya rufe!"

Ayari ya tashi zuwa bayan ɗaki, Kawu a gaba da sanda. Suka tsaya gaban keji. Ciyaman ya miƙo wuya ya yi wa Kawu huci. An daɗe ba wanda ya ce uffan. Can Hajiya ta gyara mayafi, ta juya wajen katanga, ta ce, "A faɗa masa, ko agwagwa ce a ji tsoron Allah."

Likita ya iso da yamma, ya ji yadda aka yi, sai da ya zauna a kan turmi don dariya. Da ya farfaɗo ya sa aka kawo baho cike da ruwa, ya fito da Amarya ya ajiye a gabansa. Ta tsoma kai har wuya, ta fesar da ruwa ta hanci, ta sake tsomawa, ta sake, kamar mai kwasar ganima.

"Ka gani?" ya ce. "Da haka take wanke ido da hanci. Robar nan taka baki kawai take jiƙawa. Kuma dusa busasshiya ba ta wuce mata sai da ruwa, shi ya sa take kai-komo. Kai kuma ka rage mata."

Ya ɗaga gashin gindin bindinta ya nuna mini wani ɗan ƙullutu. Daga nan maiƙo ke fita, ta lakato da baki ta shafe jikinta, shi ke sa ruwa ya zame mata. In ba ta jiƙa jiki ba, ba ta zama gyaran gashin yadda ya kamata, sai ya dagule. Ya juya ƙafarta: tafin agwagwa fata ce mai taushi, ga nauyin jiki, ragar waya kuwa yanka ta take, ƙwayar cuta ta shiga ta yi ƙurji. Ya ce dusa zalla ba abinci ba ce. Agwagwa tana buƙatar ganye da ƙwari da 'yan tsakuwoyin da ƙundunta ke niƙa da su, kuma ta fi kaza buƙatar wani sinadari da ake kira niyasin, wanda in ya yi ƙaranci ƙafafun 'ya'yanta sukan gwame.

Sannan ya ba ni tarihin da ya kunyata ni a matsayina na malami. Wannan agwagwar tamu mai jar fuska, da muke gani kamar tare aka halicce ta da kwatar Hausawa, baƙuwa ce. Asalinta dazuzzukan nahiyar Amurka ne, daga Meziko har Barazil da Ajantina, jiragen ruwan Turawa suka yaɗa ta duniya bayan 1492. Turawan Ingila ma sunan da suke kiran ta da shi na ƙasar Mosko ne, alhali ba abin da ya haɗa ta da can. Kakanninta a kan bishiya suke kwana, a kogon itace suke ƙwai, shi ya sa take da farata masu kaifi, kuma macen tana tashi sama sosai.

"Ba titi take nema ba," in ji shi. "Ana kiwon dubbai a killace su yi ɓul-ɓul. Ka ba ta ƙasa ta taka, da fili, da inuwa, da ruwan da kanta zai nutse, da ganye. Shi ke nan."

Ya yi maganar nan a fili, da Hausa. Amma ni kunyar Hajiya ta toshe mini kunne ɗaya, abin da na ji kawai shi ne Gwaggo ta yi gaskiya. Washegari na zare sakata na ce kowa tasa ta fishshe shi.

Makonni biyun farko kamar a mafarki. Ruwan farko ya sauka, shinge ya fito daga gidan gara ya rufe fitilar tsakar gida, agwagin suka kwana suna dabdala. Suka bi tana, suka bi dodon koɗi, Amarya tana cafke ƙuda a iska kamar mai tsaron gida a ƙwallo. Idonta ya washe, gashinta ya dawo yana sheƙi. Auta ta dawo da gaisuwa. Abin da ya ɗan rage armashi shi ne ranar da Ciyaman ya tarar da bahon ɗaurayar maman yara, da fararen kayan makaranta a ciki an sa bula, ya shiga ya yi wanka, ya kuma yi abin da ya saba.

Daga nan Amarya ta gano katanga. Fir ɗaya ta hau, ta leƙa gidan Alhaji maƙwabcina, ta ga geron fura a shanye. Uwargida ta bi ta. Ciyaman jiki ya yi nauyi, shi sai ya jira almajiri ya buɗe ƙofa ya bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ƙorafi ya fara zuwa: gero, tsaki, irin tumatir da alayyafon da Alhaji ya yafa a bayan gida. Ciyaman kuma ya mai da titi nasa. Yakan tsaya a tsakiya, 'yan adaidaita su jeru suna oda, ba mai taɓa shi. Wani direba ya ce mini shi ko akuya zai iya bugewa ya biya, amma agwagwa a'a, wai motar da ta taka ta ba ta ƙarewa lafiya. Camfi ne, amma Ciyaman ya ci moriyarsa fiye da duk wani mai laya.

Sai wata Juma'a. Na fito da farar shadda, guga har tana yanka, sai ga ladan yana haki. Ciyaman ya gano wurin alwala na masallacin unguwa. Ruwa mai gudu, ga inuwa, ga takalman bayin Allah a jere. Ba zan faɗi takalmin wanda ya zaɓa ba, amma mutumin yana tsayawa a gaban sahu ne.

Na tafi kamu. Wanda bai taɓa kama toron agwagwa ba yana ganin tafiyar nan ta rangaji ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Na bi shi ya zagaye tankin ruwa, na tare nan ya ɓulla can, yara suka taru suna kirari, rabinsu nasa. A bakin babbar kwata na yi tsalle na rungume shi. Ya ba ni fiffike a fuska, mari irin wanda rabona da shi tun ina aji uku, ya kafa mini farata a hannu, ya taka ƙirjina ya haye. Ni kuma na ci gaba da tafiyar da na faro. Ruwan ya kawo mini ƙugu. Hulata ta bi ruwa ta nufi gabas. Ciyaman ya tsaya a bakin kwatar yana leƙo ni, yana huci a hankali, kamar mai cewa wurin nan da ma kai ka ce ba shi da kyau.

Ranar azahar na yi a gida.

Mako guda bayan haka muka tarar da Uwargida kwance a bakin ƙofa, wuyanta ya saki, ba ta iya ɗaga kai. Yara sun ce a tsohon kududdufin bayan layi suka gan ta tana kiwo. Na kira Likita, kuma a wannan karon kowace jimla sai na fara ta da "agwagwar nan". Ya ce guba ce da wata ƙwayar cuta ke saki a ruɓaɓɓen ruwa da mushe, tana shanye jijiyoyi. Muka yi ta ɗura mata ruwa mai tsabta, ba ta kai safe ba. Auta ta yi kuka har ta yi barci a cinyata, kuma ban sami abin da zan ce mata ba, don kududdufin nan na san da shi tun kafin in zare sakata.

Kwana uku da wannan, Amarya ta ɓace. Na zagaye unguwa, na leƙa kasuwar 'yan kaji ina duba fararen agwagi kamar mai neman ɗa a tasha. A teburin mai shayi kuwa an sami abin yi. "Malam, an ce Amarya ta yi yaji?" "Ka je biko kuwa?" "Ai biko da goro ake zuwa, ba da dusa ba." Dattijon nan na innalillahi ya riƙe hannuna ya ce Allah Ya mai da ta ɗakinta. Na ce amin, me zan ce?

Har mun fitar da rai. Sai wata safiya cikin Agusta, bayan kusan mako bakwai, Auta ta ƙwala ihu. Ga Amarya ta shigo ta zaure, ta rame, ta yi duƙun-duƙun da baƙin mai, a bayanta kuma layin 'ya'ya 12 kamar an zubo ƙwallayen auduga. Ashe tana nan bango ɗaya da mu, ƙarƙashin tsohuwar Peugeot 504 ɗin Alhaji da ta shekara goma a kan duwatsu. Can ta tara ƙwanta ta kwanta. Kaza kwana 21 take kwanci, yawancin agwagi 28, irin tamu kuwa sai ta cika 35, shi ya sa yajin ya yi tsawo.

Murna ba ta kai azahar ba Alhaji ya yi sallama. Ya ce barka, sannan ya ce a ƙarƙashin motarsa aka haihu, kuma yanzu ya gane inda tsakin tantabarunsa ke tafiya. Na ce uwa tawa, uba nawa. Ya ce ɗaki nasa, abinci nasa, kuma a ina aka taɓa jin mai jego ta yi arba'in a gidan mutum a tashi ba ko tukwici? Magana ta kai gaban mai unguwa, wanda ya saurare mu da fuskar shari'a, in ban da sau biyu da ya rufe baki da rawani. Kafin a yanke hukunci shirwa ta rage mana aiki, ta ɗauke biyu a gaban idona. Cikin goman da suka rage aka ba Alhaji uku, in sun yi ƙwari.

Sai a lokacin na yi abin da Likita ya faɗa tun watan Mayu. Na killace kusurwar gidan da ke ƙarƙashin darbejiya, na zuba yashi, na ja raga ta sama saboda shirwa. Aka raba tsohuwar durom biyu ta zama wurin wankan manya, 'ya'yan kuma faranti mai faɗi. Ana canza ruwa kullum, tsohon a zuba wa zogale, zogalen kuma a tsinko musu, da ragowar latas da alayyafo daga wajen mai kayan miya. Likita ya rage wa Amarya dogayen gashin fiffike ɗaya, ya ce in duka biyu aka yanke daidai za ta iya tashi, kuma in ta sake gashi sai a maimaita. Bayan la'asar Auta takan buɗe musu su zaga tsakar gida, ƙofar waje a rufe, bahon wanki a kife. Kejin zamani yana nan, maman yara tana ajiye albasa a ciki, ta ce iska na shiga ta ko'ina.

Na buga wa Gwaggo na ba ta rahoto: ba a keji suke ba, ba kuma a titi ba. Ta ce, "To 'ya'yan da suka fito, nawa suka rage?" Na ce 12 ne, saura goma, uku na maƙwabci. Ta yi shiru, sannan ta tambayi lafiyar Auta.

Ukun Alhaji kuwa, ranar da aka kai su gidansa ranar suka gano rariyar da ke tsakaninmu. Kullum da sassafe sai su sulalo, su ci dusata, su yi wanka a durom ɗina, su yi kashinsu a yashina, da magariba su koma gida su kwana. Jiya ya aiko ƙaramin ɗansa. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya ce Baba ya ce a gaishe da Amarya, kuma wai yana ganin nasa sun ɗan rame, ko za a ƙara musu dusar.